Wane lensi mai sauƙin kuɗi zan saya don ɗaukar hoton tsuntsaye?

Malam_Bade:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ni malamin makaranta ne a Gashuwa, ina da kyamara Nikon D3200 da ɗan lensin da ta zo da shi, 18-55mm, da ita nake ɗaukar hoton suna da walima da taron makaranta. Ran Asabar ɗin da ta wuce na bi wani abokina zuwa Dagona, muka isa bakin ruwa tun rana ba ta ɗaga ba. Wallahi ban taɓa ganin tsuntsaye haka ba: ga dinya, ga kirinjijiya tuli, ga zalɓe, ga wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da aka ce daga Turai suke zuwa cin rani. Na ɗauki hoto ya fi 200. Da na dawo gida na buɗe a kwamfuta, ruwa da ciyawa sun fito raɗau, tsuntsayen kuwa kamar an watsa gero a tabarma. Abin ya tsaya mini a rai.

Idan na kwashi adashina a ƙarshen wata zan iya haɗa naira dubu 400. Na ga wani 70-300mm na hannu, na kuma ga wani a intanet an rubuta 420-800mm, sabo fil, kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba. Tunda nisa nake nema, ba gara mai 800 ɗin ba? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Baba_Situdiyo:
Wa'alaikumus salam Malam. Araha ba ta ado. Ka fita harkar mai 800 ɗin nan. Tun zamanin fim nake wannan sana'a a Kano, irin waɗannan bututun sun sha zuwa hannuna. Babu inji a ciki, da hannu za ka riƙa murɗawa har hoto ya daidaita, tsuntsu kuwa ba ango ba ne da zai tsaya ka ce masa ɗan ɗaga kai.

Injiniya_Kd:
Gaskiya Baba ya faɗa, bari in ƙara bayani. Wannan lensin a 420mm ƙofar haskensa f/8.3 ce, in ka zuƙo shi zuwa 800mm ta koma f/16. Tsakanin f/5.6 da f/16 mataki uku ne, wato hasken da zai shiga ya ragu sau 8. Ga shi kuma ba shi da abin da ke rage rawar hannu. Sannan tunda babu wayar da ke haɗa shi da kyamara, D3200 ba za ta auna maka haske ba sam, sai dai ka sa ta a M, wato saitin hannu, ka yi ta kirdado. Da asuba, lokacin da tsuntsaye suka fi fitowa, ko ta ramin kallo duhu za ka gani.

Amma Malam, kafin ka ba da ko kwabo a kan 70-300 ɗin, ka karanto mana abin da aka rubuta a jikinsa, harafi bayan harafi. Nikon suna da 70-300 iri-iri, kuma ba kowanne ne zai yi da kyamararka ba.

Malam_Bade:
Na gode Baba, na gode Injiniya. Na sa mai shi ya turo mini hoto. An rubuta AF-P NIKKOR 70-300mm 1:4.5-6.3G ED VR, sai DX.

Injiniya_Kd:
Alhamdulillahi da ka tambaya. Lensi ne mai kyau, ya fito a 2016, ga sauri ga rashin nauyi, amma ba ya aiki da D3200. Kyamararka ta 2012 ce, ba ta san irin injin AF-P ba. Ba zai daidaita hoto da kansa ba, kuma ko da hannu ka murɗa ba zai motsa ba, don shi zoben ma da lantarki yake aiki. A jerin D3000, daga D3300 zuwa sama ne yake yi, ita ma D3300 sai an sabunta mata manhaja.

Akwai tarko na biyu. Wanda aka rubuta wa AF kaɗai, babu S babu P, shi kuma babu inji a cikinsa, kyamara ce ke juya shi, kuma duk jerin D3000 da D5000 ba su da wannan injin. Kai abin da za ka nema shi ne AF-S. Akwai AF-S 70-300mm f/4.5-5.6G VR na 2006, akwai AF-S DX 55-300mm VR na 2010, akwai kuma na Tamron, SP 70-300mm mai VC da injin USD, wanda aka yi wa bakin Nikon. Duka ukun bai kamata su fi ƙarfin aljihunka ba in na hannu ne.

Hafsy_Hoto:
Wannan ya faru da ƙanena bara. Mai shagon ya ce masa ai duk Nikon ɗaya ce. Sai da ya kai gida ya ga abin ba ya motsi, da ƙyar aka karɓa aka canza masa, shi ma sai da ya yi ciko. Malam ka tafi da kyamararka duk inda za ka saya.

Sabon_Shiga22:
Don Allah me VR yake nufi?

Hafsy_Hoto:
@Sabon_Shiga22 abin da ke rage rawar hannu ne. Nikon su ce VR, Canon su ce IS, Sigma OS, Tamron VC. Aikin ɗaya ne.

Jos_Mai_Tsuntsu:
Ni fa ban yarda da zancen 300mm ba, ku yi haƙuri. Malam ya ce Dagona yake zuwa. Wurin fili ne fetal da ruwa, babu inda za ka raɓe, agwagin ruwan nan kuma sun san mafarauta, tun daga nesa suke tashi. Zai sayi 300mm yau, bayan wata biyu ya dawo nan yana tambayar na 600. Kuɗi biyu ke nan. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ya ƙara haƙuri ya tara, ya nemi Sigma 150-600mm Contemporary ko Tamron 150-600mm na farko wanda ya fito ƙarshen 2013. A kan D3200, da yake ƙaramin sensa ne, ana ninka tsawon da 1.5, to 600mm ya zama kamar 900mm. Ni Sigma nake riƙe da shi shekara 4 ke nan. A dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, duk wanda na gani ya ɗauki abin da muhimmanci to daga 400mm zuwa sama yake riƙe da shi.

Baba_Situdiyo:
Ɗana, kana maganar abin da kuɗinsa ya haura dala 1,000 ranar da ya fito. Ka lissafa da canjin yau, ko na hannu ne. Mutum ya ce maka adashi zai kwasa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Jos_Mai_Tsuntsu:
Haka ne Baba, ban musa ba. Amma akwai tsohon Sigma 150-500mm na 2008, mai OS da injin HSM, shi ya sauko sosai tunda masu 600 suka fito. In an dace da mai lafiya ya isa. A 500mm ɗin ba ya fita tar sai an ɗan rufe shi zuwa f/8, amma rana ba ta yi mana ƙaranci a nan.

Malam_Lissafi:
Bari in sa lamba a cikin gardamar nan, don kowa ya ga abin da ake magana a kai. Faɗin sensan D3200 kusan milimita 23 ne. Idan tsuntsu yana nisan mita 10, da 55mm faɗin abin da hoto zai ɗauka ya haura mita 4. Kurciya mai tsawon santimita 25 ta ɓace a ciki, abin da Malam ya gani ke nan. Da 300mm, a wannan nisan, faɗin ya koma kusan santimita 77, kurciyar ta cinye kashi ɗaya cikin uku na hoton. Da 600mm ta cika kashi biyu cikin uku.

Ga inda nake so a lura: mai 300mm da ya matsa zuwa mita 10, girman tsuntsunsa ɗaya da na mai 600mm da ya tsaya a mita 20. Kuma D3200 tana da megafiksel 24, ko ka yanke rabin faɗi da rabin tsawo ka zubar, saura 6, sun isa a buga ƙaramin hoto, balle a ɗora a Facebook. Idan kuma tsuntsun yana mita 60, ko mai 600 ɗin ɗigo zai samu. Ban ce dogon lensi ba shi da amfani ba, amma ba ya maye gurbin matsowa.

Maman_Sadiq:
Malam_Lissafi ka faɗi abin da ke bakina. Ni a Zariya nake, ba ni da halin zuwa daji, yara da aiki. Canon 700D gare ni da 55-250mm STM. Abin da na yi, na ajiye kasko a gindin bishiyar lemon da ke tsakar gidanmu, kullum da safe in zuba ruwa, na kafa busasshen reshe a gefensa. Musamman a watan Maris da Afrilu da zafi ya tsananta, babu wanda ba ya zuwa: kurciya, hasbiya, bainu, kanari, har alhudahuda ya taɓa sauka sau ɗaya. Ina zaune cikin ɗaki ta taga, labule a sake, tsakanina da su bai fi taku biyar ba. Hotunan da na samu har ƙwayar ido ana gani. Su kan fara sauka a kan reshen su duba kafin su sha, a nan nake ɗaukarsu, sai hoton ya fito kamar a daji.

Shawarata Malam ya fara da abin da kuɗinsa zai iya, ya koyi hannu a gida. Ranar farko da na ɗora 250mm, cikin hoto 50 da ƙyar na fitar da 3 masu kyau, duk rawar hannu. Ina ga wanda zai fara da bututu mai kusan kilo 2?

Malam_Bade:
Hajiya Allah ya saka da alheri, wannan dabarar kaskon yau zan fara ta. Muna da darbejiya a ƙofar gida. Amma gaskiya zuciyata tana wurin na ruwan nan. Yarana na aji ba su san cewa akwai tsuntsun da ke tasowa daga Turai ya ƙetare Sahara ya sauka bayan garinsu ba. So nake in nuna musu da hoton da ni na ɗauka.

DanMaradi_227:
Salamu alaikum ƴan'uwa na Najeriya. Malam, in don ka nuna ma ƴan makaranta ne, mi zai hana ka duba Nikon P900? Kyamara ce da lensinta a haɗe, tana zuƙowa sau 83, har daidai da 2000mm, nauyinta bai kai kilo guda ba. Da ita nika zuwa tabkin Madarunfa. Tsuntsun da ke tsakiyar ruwa, wanda ido bai rarrabe ko mine ne, sai in jawo shi in ga launin baki da na ƙafa. Ta hannu ba ta kai kuɗin babban lensi ba.

Injiniya_Kd:
@DanMaradi_227 shawara ce mai kyau ga mai son gane tsuntsu da ajiye shaida. Sai dai a faɗa masa gaskiya: sensanta irin na ƙananan kyamarori ne, bai fi ƙwayar wake ba. Da rana tsaka hoto ya yi kyau, da asuba ko magariba sai ya yi yashi-yashi. Tsuntsu mai tashi kuwa da wuya ta kama shi. Ba ta kuma ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ake gyarawa a kwamfuta, magajiyarta P950 ta 2020 ita tana ɗauka.

DanMaradi_227:
Gaskiya ne, mai tashi sai sa'a. Amma wanda ke zaune bisa icce ko cikin ruwa, ban da kuka da ita.

Jos_Mai_Tsuntsu:
Wannan ma hanya ce. Da yawa cikin masu aikin ƙidayar tsuntsaye ta Nigerian Bird Atlas irin waɗannan kyamarorin suke ratayawa tare da madubin hangen nesa, don su shaida suke nema, ba hoton bango ba. Malam ya tambayi kansa wanne yake so.

Manomin_Guri:
Ku gafarce ni, ni ba mai hoto ba ne, ɗana ne ya sa ni a zauren nan. Ina karantawa ina mamaki, mutum zai kashe dubu 400 don hoton tsuntsu. Mu nan tsuntsu ba abin sha'awa ba ne. Jan baki in ya sauka a gonar shinkafa ko gero, kafin azahar ya gama da wahalar shekara. Yaranmu tun asuba suke gona da gwangwani da igiya suna kora. Cikin ciyawar kacalar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa suke kwana. Ku zo ku ɗauki hoton wannan ku kai wa hukuma.

Malam_Bade:
Baba ranka ya daɗe, wallahi ka yi gaskiya, mu ma nan Bade muna fama da su, mahaifina manomi ne. Ban raina wannan ba ko kaɗan. In Allah ya ba ni lensin, ka kira ni lokacin da suka sauka, zan zo in ɗauka.

Jos_Mai_Tsuntsu:
Baba Manomi, kukanka da namu tushensu ɗaya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke sauka fadamar Haɗeja da Nguru ta sauya. Da ruwa kan zo ya janye, ƙasa ta bushe. Da ya koma kwanciya a wasu wurare rani da damina, sai kacala ta samu wurin zama, ta hana masunta, ta hana manoma, ta ba jan baki mafaka, ta kuma cinye buɗaɗɗen ruwan da agwagin Turai ke sauka. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Hoto mai kyau na irin ɓarnar da kake faɗa yana isa inda takardar koke ba ta isa.

Manomin_Guri:
To Allah ya sa. Ina jira.

Baba_Situdiyo:
Da muna yara gauraka har cikin gidajen sarauta ake kiwonta, a fadama kuma ka ji kukanta da yamma. Rabon da in ga ta daji na manta. Ungulu ma da ke cika mahauta yau ina take? Malam, in ka ga ɗaya daga cikinsu ka ɗauka ko da ɗigo ne.

NaGarwa:
Baba, gauraka tana nan da yawa a Zakuma ta ƙasar Cadi, da rani suna taruwa a bakin ruwa. Mu koma kan lensi. Ba wanda ya ambaci wanda ba ya zuƙowa. Nikon AF-S 300mm f/4D, tsoho ne, na shekarar 2000, babu VR, amma kaifin hotonsa ya wuce na duk 70-300 da aka lissafa a sama, kuma f/4 yana shigar da haske ninki biyu na f/5.6. In ka samu kuɗi gaba ka ƙara masa gilashin TC-14E a baya, ya zama 420mm f/5.6, kuma D3200 za ta ci gaba da daidaitawa da kanta. Masu Canon su ma suna da irinsa, 400mm f/5.6L na 1993, har gobe masu ɗaukar tsuntsu a sama suna yabonsa. Abin dubawa a na Nikon ɗin shi ne injin, in ka ji yana ƙara kamar ƙyauren da ba mai, ka bar shi.

Sabon_Shiga22:
To me zai hana a sa wannan gilashin mai ninka biyu a kan 70-300 ya zama 600?

NaGarwa:
@Sabon_Shiga22 mai ninka 2 yana cinye haske mataki biyu, f/5.6 ta koma f/11. Kyamara irin D3200 an yi ta ne ta daidaita har f/5.6, tana iya lallaɓawa da f/6.3, amma a f/11 sai ta yi ta kai da komo. Na Nikon ɗin ma ba ya shiga bayan 70-300 ko kaɗan.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni abin da zan ce game da sayen na hannu ne, don mu nan danshi ya koya mana. Ka cire murfin gaba da na baya, ka kunna fitilar waya ka haska ta ciki, ka duba ta ɗaya gefen. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, kowane tsohon lensi yana da ita. Amma in ka ga wani abu fari kamar saƙar gizo-gizo yana yaɗuwa daga gefe, fumfuna ce, tana cin rufin gilashi, kada ka saya ko an rage maka rabi. In ka ga kamar hayaƙi ya kwanta a ciki, shi ma ka bari. Kayan da suka daɗe a ajiye a garuruwan bakin teku sun fi kamuwa. In ka saya kuma, da damina kada ka kulle shi a jakar fata cikin durowa. Ka samu roba mai murfi, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Baba_Situdiyo:
Ƙari a kan na mutumin Kumasi. Ka tafi da jarida. Ka manna ta a bango, ka ja baya kamar taku 15, ka zuƙo lensin har ƙarshe, ka ɗauka a rana. Ka buɗe hoton ka duba rubutun tsakiya da na kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya fito ɗaya ya yi dishi-dishi, ya taɓa faɗuwa. Ka saita shi a abu na kusa, ka juya na nesa, sau goma, ka ji ko yana sarƙewa. Ka taɓa maɓallin ɗauka rabi ka ga ko hoton ya tsaya cak a ido, shi ne VR ke aiki. Mai kaya in ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama.

Mu kuma namu ciwon ƙura ce. Da hunturu kada ka canza lensi a fili, ka shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar hazo yashi ce, tana karce shi. A fara hurawa da 'yar robar iska tukuna.

Hafsy_Hoto:
Tambaya ga masu 600mm: da hazo kuna samun komai kuwa? Ni a Disamba ko mutum na ɗauka daga nesa sai ya fito fari-fari.

Jos_Mai_Tsuntsu:
@Hafsy_Hoto a nan kam dole in sauko. Iyakar nisan da ke tsakaninka da tsuntsu, iyakar ƙurar da hoton zai ratsa. Ranar da hazo ya yi kauri 600mm ba ya tsinana komai a abin da ya wuce mita 30. Haka in rana ta take, daga ƙarfe 10 zuwa sama, ƙasa na fitar da tururin zafi, hoto ya yi ta rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, ko lensin miliyan nawa ne. Shi ya sa nake fita daga an sallame asuba, in juya wa rana baya, kafin 9 na gama. Amma har yanzu ina kan bakana, a fili irin Dagona mai 300mm zai yi ta cizon yatsa.

Malam_Lissafi:
Kuma a kula da saurin ɗauka. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada ya gaza ɗaya bisa tsawon lensi, a 300mm kan ƙaramin sensa wato 1/500 na sakan. VR na taimakon hannunka ne kawai, ba ya tsayar da tsuntsu. Mai tashi yana son 1/1600 ko 1/2000. Ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau 800 ko 1600, gara hoto mai ɗan yashi da wanda ya shafe. Ka kuma zaɓi ɗigon saiti na tsakiya shi kaɗai, cikin 11 da D3200 take da su shi ya fi kamawa.

Tsohon_Soja_Dtr:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya fi duk waɗannan. Malam, yankinku Yobe ne. Dogon baƙin bututu a kafaɗa, daga nesa, a bakin daji, ba kowa zai ce kyamara ba ce. Kada ka shiga ko'ina sai ka fara gaida bulama ko mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, ya haɗa ka da yaro ɗan gari. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin Tafkin Cadi ne, ka bi ta hannun ma'aikatan wurin. Ka riƙe katin shaidar aikinka. A hanya lensi ya zauna cikin jaka, kada ka kuskura ka ɗaga shi kusa da shingen jami'an tsaro ko gada. A nan ƙaramin 70-300 ya fi, yana shiga jakar makaranta ba wanda ya sani.

Malam_Bade:
Yallaɓai na gode, wannan nasiha ce ta uba. Wancan zuwan ma da ma'aikacin wurin muka shiga.

Maman_Sadiq:
Kuma ɗan garin zai kai ka inda kuɗi ba zai kai ka ba. Masunta sun san inda kowane tsuntsu ke sauka da lokacinsa. In ka zauna cikin kwalekwale ka yi shiru, sun fi yarda da kai a kan mai tafiya a tsaye. Roƙona ɗaya, kada a matsa wa wanda ke kan ƙwai don neman hoto. In uwa ta tashi, rana ko hankaka su gama da su cikin ɗan lokaci.

DanMaradi_227:
In damana ta kusa kuma shamuwa za ta zo har bisa iccen gidan maigari ta yi sheƙa, ita ko da 200mm ka cika hoto da ita. Balbela ma haka, bi garken shanu kawai.

Abba_Mirrorless:
Ni a ganina duk wannan kashe kuɗi ne a kan tsohon yayi. Ya sayar da D3200 ya haɗa ya koma kyamarar zamani marar madubi. Canon RF 100-400mm nauyinsa giram 635 ne, dala 649 ya fito a 2021, ga kyamarorin yanzu suna bin idon tsuntsu da kansu.

Injiniya_Kd:
@Abba_Mirrorless ba ƙarya ka yi ba, amma lensin kaɗai ya haura abin da yake da shi, ba a zo maganar kyamarar ba. Kuma komawar da mutane ke yi can ita ce ta sa lensunan bakin F, irin na kyamarar Malam, suke arha a kasuwar na hannu. Wannan dama ce ga irin su Malam. Da D3200 ɗin yake ɗaukar suna yana samun na cefane, kada a raba shi da ita.

Malam_Bade:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na mayar wa mai AF-P da amsa cewa ba zai yi mini ba, na kuma goge mai 800 daga raina. Wani ɗalibina da ke karatu a Kano ya zagaya mini, ya samo biyu: Tamron 70-300 mai VC, wanda zai bar mini canji har in sayi madubin hangen nesa, da Sigma 150-500 wanda sai na ƙara kusan albashin wata guda a kai, kuma mai shi ya ce murfin gaba ya ɓata. Har yanzu ban yanke ba. In na tuna lissafin Malam_Lissafi da maganar Yallaɓai sai in karkata ga ƙaramin, in na tuna yadda dinyar nan ta tashi tun muna nesa sai in ji maganar mutumin Jos. Ran Juma'a bayan an tashi makaranta zan shiga mota, Asabar in gwada duka biyun da kyamarata.

Jos_Mai_Tsuntsu:
Ka riƙe Sigman a ido minti biyar cur ba tare da ka sauke ba, kamar kana jiran tsuntsu ya juyo. In hannunka ya ɗauka, ka saya. In bai ɗauka ba ka sa kuɗin sanda mai ƙafa ɗaya a lissafi. Rashin murfin kuma ka duba gilashin gaba da kyau.

Baba_Situdiyo:
In ka shigo Kano ka yi mini magana ta akwatin sirri, in raka ka mu duba tare. Jaridar ma ina da ita.

Sabon_Shiga22:
Ni kuma D5100 gare ni, AF-P ɗin da Malam ya fasa zai yi da tawa?

Injiniya_Kd:
@Sabon_Shiga22 a'a, ita ma ba ya yi da ita. AF-S za ka nema.